Waiwaye: Yadda masu bincike suka juya madubi kan kansu

Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiyar Ingila, Mary Smith, ta zauna da wata dattijuwa Bahaushiya, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau tana rubuta tarihin rayuwarta, littafin ya fito a 1954. Baki na Baba ne, alƙalami na Smith. Haka nazarin al'umma ya saba tafiya: ɗan boko ya yi tattaki zuwa wajen wasu mutane, ya yi tambayoyinsa, ya koma gida ya rubuta, shi kuwa bai shiga lissafi ba. Kalmar "ni" ma tamkar haramun ce a takardar ilimi. Daga baya ne aka samu nazarin kai, salon da mai bincike ke mai da rayuwarsa abin nazari, shi kaɗai ko tare da abokan aiki.

A 1979 wani masanin al'umma a Amurka, David Hayano, ya yi rubutu kan masu binciken da ke nazarin mutanensu na gida. Amma a ganina inda abin ya ɗauki hanya shi ne Jamus ta Yamma, wajen masaniyar zamantakewa Frigga Haug da ƙawayenta. Sai su zaɓi batu ɗaya, gashin kai ko ƙafafu, kowace ta rubuto wani abu da ta tuna ya same ta, ta ce "ita" a inda za ta ce "ni". Su hallara, a karanta, a bi rubutun layi-layi: me ya sa ta tsallake nan? Wannan kalma tata ce, ko ta uwarta? Sannan ta koma ta sake rubutawa. Abin da suke farauta shi ne yadda tarbiyya ke shiga jikin mace har ta ɗauka halittarta ce. Aikin ya fito da Jamusanci a 1983, da Turanci a 1987.

A Amurka kuwa, Carolyn Ellis da Arthur Bochner na Jami'ar Kudancin Fulorida suka buga labarin cikin Ellis da su biyun suka yanke shawarar zubarwa tare. A 1992 ke nan. Kowa ya fara rubuta nasa shi kaɗai, daga baya suka haɗa muryoyin biyu.

Tsararren salon nazarin kai na haɗin gwiwa ya fito a littafi a 2013, daga malamai mata uku na Jami'ar Eastern da ke Fensilbaniya: Heewon Chang 'yar asalin Koriya ta Kudu, Faith Ngunjiri daga Kenya, da Kathy-Ann Hernandez daga Tirinidad. Ukunsu baƙi ne a jami'ar Amurka, ba wanda zai faɗa musu daɗi da ɗacin zaman. Hujjarsu ita ce, mutum ɗaya na iya yi wa kansa kwalliya, amma gaban abokan aikin da ke titsiye shi da tambaya, da wuya.

Suka bai ƙare ba. Sara Delamont ta Jami'ar Kadif a Birtaniya ta kira nazarin kai lalaci ƙarara, ta ce aikin masani shi ne ya fita ya binciki wasu. Sai dai ƙayar da ta fi tsini wata ce. Malaman da ke nazarin kansu za su iya amincewa su fasa sirrinsu, to uwa da tsohon miji da shugaban sashe da ke cikin labarin fa, wa ya nemi izininsu? Ellis ta ɗanɗani irin wannan tun kafin ta rungumi sabon salon. Masuntan gaɓar Cesafik a Amurka da ta rubuta littafi a kansu a 1986 sun gane kansu duk da sunayen ƙarya da ta sa musu, da ta koma garin kuwa fushi ta tarar.