Ku daina zabge ganyen kauci kuna barin gindinsa

'Yan'uwa manoma, maganar kauci ce dai, kuma ba zan gaji da yin ta ba.

Kusan duk gonar da na shiga, abu ɗaya nake tararwa. An ɗaura lauje a bakin gora, an zabge ganyen kaucin da ke kan kaɗanya ko ɗorawa ko mangwaro, an kai wa awaki, an ce an yi maganinsa. Malam, ba ka yi ba! Saiwar kauci tana cikin naman reshen, a nan yake zuƙe ruwan bishiyarka. Aski kawai ka yi masa, zai sake tohowa. Ka dubi wurin da ya kama, za ka ga reshen ya kumbura ya yi ƙululu, daga can zuwa ƙarshensa kuma ganye ya yi ƙanana, 'ya'ya sun ragu, har ya bushe.

Yadda yake hawa bishiya kuwa, aikin tsuntsu ne. Sha-kauci yana zura dogon bakinsa cikin furen ya sha zuma, ta haka furen ke samun barbara. Idan 'ya'yan suka nuna, wani ɗan tsuntsun mai ɗigon rawaya a goshi ya haɗiye su, ya dawo da ƙwallon, shi kuma ƙwallon danƙo gare shi, sai tsuntsun ya goge bakinsa a jikin reshe. Shi ke nan an shuka. Tsuntsu ya samu abinci, kauci ya samu sabon gida. Don haka kaucin da ka bari ya yi 'ya'ya, iri ne ka ajiye wa gonarka da ta maƙwabcinka.

Kada a ce yara su bi tsuntsaye da harbi. Ba za su ƙare ba, kuma suna rage mana ƙwari.

Na san akwai mai ƙyashin sare reshen kaɗanya, musamman iyayenmu mata da ke jiran kaɗe. Ina tausaya muku. Amma reshe ɗaya yau ya fi rabin bishiya gobe.

A duba bishiyoyi da rani, lokacin da ganye ya kaɗe kauci ya fito fili. A sare reshen da zarto ko adda mai kaifi, kamar santimita 30 daga ƙululun ta ɓangaren gindin bishiya. A yi kafin kaucin ya yi 'ya'ya. A sa rana da maƙwabtan gona a yi gayya, a kuma sake dubawa baɗi. Mai hawa ya yi hattara, reshen da kauci ya ci ba abin takawa ba ne.