"Tayar laka": sunan da aka laƙaba wa kowace taya mai kauri

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, keke ya dawo da martabarsa a Sakkwato. Mutanen da suka jingine nasu a zaure shekara da shekaru sun kakkaɓe masa ƙura sun kai wa mai gyara. Kekunan gwanjo masu giya da manyan tayoyi, waɗanda samari ke kira mawuntin, sun cika gari daga Mabera har Arkilla. Tare da su wata kalma ta shigo bakin mutane, kuma da zarar damina ta kankama sai ka ji ta ko'ina: tayar laka. Masu sayar da kayan keke suna rubuta ta a Facebook. Na ji ta a wani tallan rediyo, inda mai tallan ke yabon keken da cewa tayarsa ta laka ce saboda faɗinta, don haka ba inda za ta kafe. A nan ne abin ya dame ni, domin abin da ya faɗa kishiyar gaskiya ne, kuma mutane suna ba da kuɗin guminsu a kan wannan magana.

Faɗi ba shi ne ke mayar da taya ta laka ba. Asali ma, tayar laka ta gaske galibi ta fi ƙattan 'yan uwanta sirantaka.

Kafin a zo kan taya, ya kamata a tsaya a kan ita kalmar laka, don Bahaushe bai taɓa haɗa duk ƙasar da ta jiƙe a suna ɗaya ba. Akwai caɓi, wanda ruwa ya fi ƙasa yawa a cikinsa, ka taka ya fantsama, ƙafarka ta wuce ta samu ƙasa mai tauri a ƙarƙashi. Akwai taɓo, irin na lungunan unguwa bayan ruwan dare, mai ɗan kauri amma ba ya riƙe ka. Akwai santsin da ke kwanciya a saman jar ƙasa idan an yi yayyafi, wanda kaurinsa bai kai ɗan yatsa ba amma shi ya fi kayar da mutum. Sannan akwai laka, ita kanta, baƙar ƙasar fadama mai danƙo, wadda ke tsattsagewa da rani har ka iya zura hannu a tsagar, da damina kuma ta kama takalminka ta ƙi saki. Manomin shinkafa a fadamar Rima ba zai taɓa kiran caɓi laka ba. Ya san ɗaya wanke ƙafa kawai yake sa ka, ɗayar kuwa takalmi take ƙwacewa. Abin takaici shi ne da muka zo sayen taya sai muka watsar da wannan ilimin da muka gada, muka tattara huɗun nan muka kira su laka, muka kuma yarda cewa maganinsu ɗaya ne, wato ƙatuwar taya.

A watan Agustan bara na gangara wata hanyar ƙafa a fadamar da ke kusa da Kwalkwalawa, kwana ɗaya bayan ruwa mai ƙarfi. Na tarar da wani saurayi durƙushe gaban sabon kekensa, yana ƙwaƙule tayar baya da tsinke. Ba a ganin roba ko kaɗan. Laka ta cike tsakanin haƙoran tayar ta shafe su, ta sake hawa bisa kanta, har tayar ta kumbura ta toshe tsakanin ƙarafunan jikin keken, ta daina juyawa gaba ɗaya. Na yi masa sallama na tambaye shi lafiya. Ya ɗago kai ya ce, "Baba, wallahi ce mani anka yi tayal laka ta." Na duba gefen tayar bayan mun kankare: faɗinta inci 2.6, haƙoranta gajeru ne kuma a cunkushe kamar ƙwayar masara a jikin totuwa. Taya ce mai kyau, ba jabu ba ce, amma an yi ta ne don busasshiyar hanya mai tauri. Muna tsaye sai ga wani dattijo a kan tsohon Rali, ya cire marufan tayoyinsa, da buhu a baya, ya ratsa wurin da ya fi ruwa a hankali ya wuce mu da 'yar siririyar tayarsa. Saurayin ya bi shi da kallo har ya ɓace cikin dawa.

Abin da ya faru a wurin ba sihiri ba ne. Nauyin mutum da kekensa ɗaya ne, ko a kan faffaɗar taya ko a kan siririya. Faffaɗa tana raba nauyin a fili mai yawa, sai ta yi iyo a saman taɓon, ba ta kai ga ƙasa mai tauri ba, ta yi ta sulɓi. Siririya tana tara nauyin a ɗan ƙaramin wuri, sai ta yanka taɓon kamar wuƙa ta sauka inda za ta samu abin kamawa. Ga kuma maganar sarari: duk yadda taya ta ƙara faɗi, haka tazarar da ke tsakaninta da jikin keke ke raguwa, kuma ta wannan tazarar ce lakar da ta manne take wucewa. Idan babu wurin wucewa, sai ta taru ta zama birki.

To mece ce tayar laka a wurin waɗanda suka ƙirƙiro ta? Wasan hawan keke a duwatsu ya faro ne a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka cikin shekarun 1970, ya bazu zuwa ƙasashe masu yawan ruwan sama irin su Birtaniya, inda masu tseren gangara dutse ke fama da jiƙaƙƙiyar ƙasa mafi yawan shekara. Su suka buƙaci taya ta musamman. Kamfanin Maxxis yana da wadda ya kira Wetscream, Schwalbe yana da Dirty Dan. Ka dubi ɗaya daga cikinsu za ka ga abu uku a take. Haƙoranta dogaye ne masu tsini, kamar ƙusoshi, don su nutse. A warwatse suke, da fili mai yawa tsakanin haƙori da haƙori, don idan tayar ta juya lakar ta samu hanyar fita ta watse. Faɗinta kuma galibi tsakanin inci 2 ne da 2.5. Wannan filin da ke tsakanin haƙora shi ne sirrin duka. Mai saye yakan ƙirga haƙora, ya ga wadda ta fi yawa ya ce ita ta fi ƙarfi, alhali a laka gurbin da babu haƙori shi ke aiki.

Ita kuwa ƙatuwar tayar nan da ake nunawa a hotuna, mai faɗin inci 4 ko fiye, an yi ta ne don dusar ƙanƙara irin ta Alaska da kuma rairayin hamada. A can iyo ake so, ba nutsewa ba. Kuma a nan nake ganin asalin ruɗanin ya fito, domin mu ƙasarmu ta yashi ce. Duk wanda ya taɓa hawa keke a hanyoyin ƙauyukan Kware ko Gwadabawa da rani ya san yadda siririyar taya ke nutsewa cikin rairayi har sai ka sauka ka tura. Ya gwada faffaɗa ya ga ta wuce, sai ya ɗauka abin da ya yi maganin yashi zai yi maganin laka. Yashi ba ya manne wa taya, kuma ba shi da ƙasa mai tauri kusa da za a nutse a kamo. Laka tana mannewa. Dokarsu ba ɗaya ba ce.

Ra'ayina, kuma ba na ɓoye shi, shi ne mafi yawan masu keke a Sakkwato ba su da buƙatar tayar laka ta gaske ko da za a ba su ita kyauta. Daminarmu daga Yuni zuwa Satumba ce, kuma ko a cikinta ruwa kan sauka yau gobe rana ta busar da hanya. Sauran watanni takwas kwalta ce da tsakuwa da jar ƙasa mai tauri da yashi. Dogayen haƙoran nan a kan kwalta wahala ce tsantsa: suna lanƙwashewa a kwana har ka ji keken na rawa a ƙarƙashinka, suna ƙugi, suna cin ƙarfin ƙafa, ga saurin cinyewa. Robar da ake yin su da ita ma mai laushi ce, don ta kama jiƙaƙƙen dutse da saiwar itace. Ka ɗora irin wannan roba a kan kwaltar Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka ga yadda za ta ƙare kafin ka more kuɗinka.

Abin da ya dace da mu shi ne taya ta tsaka-tsaki, mai faɗin inci 2.1 zuwa 2.35, haƙoran tsakiyarta matsakaita, na gefenta sun fi tsayi da ƙarfi, da isasshen fili a tsakani yadda kan ɗan yatsa zai iya shiga. Kuma ba dole ba ne ta gaba da ta baya su zama iri ɗaya. Wannan ma wani abu ne da masu sayarwa ba su cika faɗa ba, don sun fi son ka ɗauki biyu a ƙulle. Idan tayar baya ta zame, ƙafa ɗaya za ka sa ƙasa ka gyara. Idan ta gaba ta zame, kafin ka ankara kana kwance. Saboda haka mai manyan haƙora a warwatse ta tafi gaba, mai gajerun haƙora da ke gudu da sauƙi ta zauna baya. Wanda kuɗinsa na taya ɗaya ne, ya sayi ta gaba.

Girman kuwa yana rubuce a gefen kowace taya. Za ka ga kamar 26 x 2.10, kusa da shi kuma 54-559. Lambar 54 faɗin tayar ne a milimita, 559 kuma girman rim ɗin da za ta hau. Mai inci 26 lambarta 559, mai 27.5 lambarta 584, mai 29 lambarta 622. Tsohon keken dattijon nan da ake kira mai 28 lambarsa 635 ce, wato rim ɗinsa ya fi na mai 29 girma, shi ya sa tayar ɗaya ba ta hawa ɗaya. Akwai kuma 'yar kibiya a gefen yawancin tayoyin da ke nuna inda za su fuskanta wajen juyawa. Na sha ganin an ɗaura su a juye.

Sai iska, wadda a ganina ta fi zanen taya muhimmanci, ga shi kuma ba a biyan ko sisi a kanta. Al'adarmu ita ce mai faci ya yi ta bugawa har tayar ta yi tauri kamar dutse, ya danna da babban yatsa ya ga ba ta motsa ba, sannan ya ce ta yi. Ga mai ɗaukar buhun albasa a kan kwalta wannan daidai ne. Ga mai ratsa jiƙaƙƙiyar hanya kuskure ne, domin taya mai tauri ba ta shimfiɗa haƙoranta a ƙasa, tsalle take yi tana zamewa. Ni da tiyub a ciki nakan tsaya wajen psi 30 a gejin awon iska a tayar baya, gaba kuma in rage kaɗan, mai jiki ya ƙara. Sai dai ragewa tana da iyaka: idan iska ta yi ƙasa ƙwarai ka daki dutse, rim zai matse tiyub ya huda shi wuri biyu kusa da juna, irin fancar da faci ɗaya ba ya rufewa da kyau.

Da muka gama kankare tayar saurayin nan, ya tambaye ni wace taya zai saya da za ta ratsa wannan wuri. Na gaya masa gaskiya: inda muke tsaye, baƙar laka mai danƙo kwana ɗaya bayan ruwa, ko tayar 'yan tsere sai ta cika. Dattijon da ya wuce mu ba tayarsa kaɗai ta fisshe shi ba, ya zaɓi bin inda ruwa ke kwance ne, domin caɓi yana wanke taya, lakar da ta fara shan iska ita ke kamawa. Na kama masa muka ɗora keken a kafaɗarsa ya haura tudu, na kuma ce masa da ya isa gida ya wanke shi kafin lakar ta bushe ta ci sarƙa da birki.

Na so a ce tambayar da ya yi mini game da ƙaya ce. Damina na ɗaukewa tsidau zai bushe a bakin hanyoyi, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa a daji, kuma su ne ke tsayar da mai keke a nan sau goma kafin laka ta tsayar da shi sau ɗaya. Wanda zai sayi taya ya matsa ta da hannu ya ji kaurin jikinta, ya tambaya ko tana da shimfiɗar kariya a ƙarƙashin haƙora. Mai hali ya koma taya marar tiyub, wadda ake zuba wa wani ruwa mai danƙo da ke toshe ƙaramar huda da kansa tun kana tafiya, muddin rim ɗinsa na irin wanda ke karɓarta ne. A zafinmu ruwan nan yana bushewa cikin 'yan watanni, don haka sai an riƙa buɗewa ana dubawa ana ƙarawa, musamman gab da bazara.