Ma'anar digirin koyon sana'a, da yadda ake raba mako tsakanin aiki da jami'a

Digirin koyon sana'a, wanda a Ingila ake ce wa "digiri afirentiship", tsari ne da kamfani zai ɗauki mutum aiki da cikakken albashi, sannan ya tura shi jami'a ya yi digiri a kan aikin da yake yi. An soma shi a Ingila a 2015. Yana da hawa biyu: mataki na 6, daidai da digirin farko, da mataki na 7, daidai da digiri na biyu. Yakan ɗauki shekara uku zuwa shida, gwargwadon fanni. Kamfanoni irin su Rolls-Royce da BAE Systems da BT suna ɗaukar matasa ta wannan hanya a injiniyanci da fasahar kwamfuta.

Kada a haɗa shi da SIWES na Najeriya. Ɗan SIWES ɗalibi ne da ya leƙa masana'anta na 'yan watanni. Mai digirin koyon sana'a kuwa ma'aikaci ne tun ranar farko, jami'ar ce yake leƙawa. Ba ya biyan kuɗin makaranta ko sisi. Tun Afrilun 2017 duk kamfanin da jimillar albashin ma'aikatansa ta haura fam miliyan 3 a shekara yana biyan harajin kashi 0.5 cikin 100 na jimillar albashin, daga nan ake ɗaukar nauyin horon. Sai dai ɗan koyo ba ya samun bashin karatu na ɗalibai, kuma dogon hutun jami'a ba nasa ba ne. Hutunsa na ma'aikaci ne, aƙalla kwana 20 a shekara ban da ranakun hutun ƙasa.

Ginshiƙin tsarin shi ne lokacin karatu da ake cirewa daga cikin sa'o'in aiki. Da farko doka ta ce kashi 20 cikin 100, a Agustan 2022 aka mayar da mafi ƙarancinsa awa 6 a mako, daga baya kuma aka sake sauya ƙa'idar. A aikace yakan zo ta fuska biyu: ko a saki mutum rana ɗaya kowane mako, ko a tara ranakun ya tafi jami'a na mako guda ko biyu a jere.

To, a nan lissafi yake nuna gaskiyar lamarin. Cikakken digirin farko a Ingila maki 360 ne na auna nauyin darussa ("credit"), kowane maki kuma ana ƙiyasta shi da awa 10 na koyo, wato awa 3,600. Idan aka raba wa shekara huɗu, 900 ke nan duk shekara. Rana ɗaya a mako, mu ce awa bakwai da rabi sau mako 46, ba ta wuce 345 ba. Ragowar fiye da 500 ɗin fa? An tsara cewa wani ɓangare zai fito daga aikin kansa, tunda abin da ake koya a aji shi ake taɓawa da hannu. Sauran kuwa daga dare da Asabar yake fitowa, wannan kuma ba kasafai ake rubuta shi a takardar tallar aiki ba.

Don haka babbar dabara ita ce a sa aiki ɗaya ya biya bukata biyu. Mai rubuta manhaja da aka ba shi jingar makaranta a kan gwajin manhaja, ya nemi ogansa ya sa shi cikin masu gwajin manhajar kamfanin a wannan zangon. Amma a nemi izini a rubuce tun da wuri, domin sirrin kamfani ba ya shiga takardar jami'a haka kawai. Da yawa sai sun gama rubutu ake ce musu su cire rabinsa.

Abin da ya fi lalata tsarin shi ne cinye ranar karatu. Aiki ya matse, ogan sashe ya ce "wannan makon kaɗai", ɗan koyo mai shekara 18 ya ji nauyin ƙi. Sau uku aka yi haka, darasi ya wuce shi. Maganinsa shi ne a ba oga jadawalin jarrabawa da ranakun miƙa aiki tun farkon zango, a kashe saƙonnin ofis a ranar karatu, in kuwa dole ta sa aka karɓe ranar, a sa ranar da za a rama ta nan take. Akwai zaman bita da ake yi kusan duk mako 12 tsakanin ɗan koyo da ogansa da wakilin jami'a, nan ne wurin kai irin wannan ƙorafi.

Na biyu shi ne sakaci da rubuta sa'o'i. Dole a riƙa shigar da kowace awar horo, da kwanan wata da abin da aka koya. Bin ƙwararre ana kallon aikinsa yana shiga lissafi, amma maimaita aikin da mutum ya riga ya iya ba ya shiga. Mai minti goma duk Juma'a ya huta. Wanda ya bari sai ƙarshen shekara zai zauna yana tonon tsofaffin imel.

Cin jarrabawar jami'a kaɗai ba ya kammala koyon. Akwai tantancewar ƙarshe, inda ake duba ilimi da ƙwarewa da ɗabi'ar aiki, galibi ta hanyar babban aikin da mutum ya yi a kamfani da kuma ganawa a kan kundin shaidun da ya tara. Wanda rashin lafiya ko haihuwa ta tare shi yana iya neman dakatar da koyon a hukumance ya dawo daga baya. Wanda kuma kamfani ya rage ma'aikata ya faɗa ciki, gwamnati na ci gaba da biyan horonsa har mako 12 kafin ya sami wani wurin, in ya riga ya kammala kashi 75 cikin 100 na horon kuwa ana biya masa har ya gama.