Dokar hana ɗalibai tafiya da iyali Birtaniya: wa ta kama, wa ta bari

Tun ranar 1 ga Janairun 2024 da dokar nan ta fara aiki ake ta yi mata ƙarin gishiri. Wani ya ce Birtaniya ta rufe ƙofa ga ɗaliban ƙetare, wani ya rantse ana maido da matan aure da yara gida. Ko ɗaya babu. Ba a hana kowa zuwa karatu ba, kuma wanda ya fara kwas ɗinsa kafin wannan rana, dokar ba ta taɓa iyalinsa ba.

Suella Braverman, sakatariyar harkokin cikin gida a gwamnatin Rishi Sunak, ce ta sanar da ita a watan Mayun 2023. Hujjarsu ita ce bizar da ake bai wa iyalan ɗalibai ta tashi daga kusan 16,000 a 2019 zuwa kusan 136,000 a 2022, kuma 'yan Najeriya ne kan gaba. Yanzu masu zuwa da iyali su ne mai digirin digirgir, da mai babban digiri na bincike, da wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa a kwas da ya haura wata shida. Iyali a nan mata ce ko miji, da 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba. Iyaye da ƙanne dama can ba sa ciki.

Kalmar "bincike" ɗin nan ita ce ke kai mutane ta baro. Kusan kowane digiri na biyu da kundi ake rufe shi, sai mutum ya ce ai nawa ma na bincike ne. Doka ba ta kallon kundin. Abin da take aunawa shi ne wanne ya rinjaya a aikin ɗalibi, binciken ko darussan aji. MPhil na bincike yana shiga. MSc da MA da MBA na shekara ɗaya, waɗanda ake cinye mafi yawan lokacinsu a aji kafin a zauna rubuta kundi, ba sa shiga, komai kaurin kundin. Ko MRes, wanda sunansa ke nufin digiri na biyu na bincike, kada ka yarda da sunan kawai. Jami'a ce ke bayyana matsayin kwas a takardar CAS da ake neman biza da ita, don haka ka sa su amsa maka a rubuce kafin ka biya kafin alƙalami, kuma kada ka tsaya kan bakin dillali.

Wasu kuma cewa suke, bari in gama tukuna, sai in ɗauko su da bizar da ake bai wa waɗanda suka kammala. Ita ma ba ta karɓar wanda bai zo tun farko a matsayin iyalin ɗalibi ba, sai dai jaririn da aka haifa a can.

Ziyara kam ba a hana ba. Amma bizar ziyara iyakarta wata shida, babu aiki, babu sa yaro a makarantar gwamnati. Wanda ya ce ziyara zai je alhali zama ya ƙudurta, ko ya haɗa da takardar bogi, yana iya jawo wa kansa haramcin shiga ƙasar na shekara 10. Ko dillali ne ya cike fom ɗin, sunanka ne a kai.

Ni dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda dokar ta fi faɗa wa. Mace ce mai goyo, takardar gurbin karatu a hannu, za ta biya kuɗin makaranta fiye da ɗan ƙasa, ta ƙara da fam 776 na asibiti duk shekara, sannan a ce ta zaɓa tsakanin digirin da yaron da ke bayanta. Namiji yakan bar yara wajen uwarsu ya daure shekara ɗaya. Ita kuwa sau da yawa naɗe takardar take yi ta ajiye a akwati.