Shugabanci da Yanayin Wurin Aiki

Ingancin hukuma, kamfani ko ƙungiya shi ne iya cimma manufar da aka kafa ta dominta ba tare da ɓarnar dukiya ko lokaci ba. Masana harkar gudanarwa suna danganta shi da abubuwa biyu da ba sa rabuwa: halin mai riƙe da ragama, da yanayin da ake aiki a ciki, wato kayan aiki, albashi, dokoki da zamantakewar ma'aikata.

A 1939 masanin halayyar ɗan Adam Kurt Lewin da abokan aikinsa a Amurka sun gwada salon shugabanci uku a kan rukunonin yara maza: kama-karya, tafiya da shawara, da kuma sakin ragama. Yaran da ke ƙarƙashin mai kama-karya sun yi aiki da yawa, amma da zarar ya fita sai hannu ya yi sanyi. Kafin nan, binciken masana'antar Hawthorne kusa da Cikago, daga 1924 zuwa 1932, ya nuna kulawa da ma'aikaci na iya tasiri a kan yawan aiki fiye da gyaran hasken fitila a wurin aiki, ko da yake har yau ana jayayya kan fassarar sakamakon.

Wani masanin, Fred Fiedler, shi ne a shekarun 1960 ya fito da hujjar cewa babu salon da ya dace da ko'ina. A wurinsa abin dubawa uku ne: jituwar shugaba da mabiya, yadda aikin yake a fayyace, da ƙarfin kujerar. Mai tsananin bin aiki ya fi cin nasara idan al'amura sun daidaita sarai ko sun dagule sarai. A tsakani kuwa, mai iya zama da mutane ne ke kai gaci.

Sakkwato ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1812, da daula ta faɗaɗa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya raba gudanarwarta: yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Yau ma bambancin a fili yake. Masana'antar siminti ta Kalambaina na buƙatar umarni tsayayye, domin kuskure ɗaya kusa da inji na iya cin rai, alhali a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, shugaban sashe sai ya bi ta kwamiti da lallashi, don farfesa ba ya karɓar tsawa. Ga kuma zafin Afrilu da ke haura digiri 40, wanda kan sa ofishin da babu wuta ya watse tun kafin la'asar, ko wane ne ke kan kujera.