Sifektirogiraf: Na'urar Tsefe Hasken Taurari

Sifektirogiraf na'ura ce da ake haɗa wa babban madubin hangen taurari domin ta karɓi hasken tauraro ɗaya ta tsefe shi, kamar yadda ake tsefe kitso, har ya baje launi-launi irin na bakan gizo, sannan ta ɗauki hotonsa. Darajar wannan aiki ta fara bayyana ne a 1814, lokacin da Bajamushe Joseph von Fraunhofer ya lissafa ɗaruruwan baƙaƙen layuka a cikin hasken rana da ya baje. Wajen 1859 masana kimiyya Jamusawa Kirchhoff da Bunsen suka nuna cewa kowane sinadari yana da nasa layukan, tamkar zanen yatsa, don haka ana iya sanin abin da tauraro ya ƙunsa ba tare da an je gare shi ba.

Hasken yana shiga ta wata siririyar tsaga, madubi ya miƙar da shi, ya faɗa kan faranti mai dubban zane-zane wanda ke raba launukan, kana kyamarar da aka sanyaya ƙwarai ta naɗe sakamakon. Duk wanda ya taɓa karkata faifan CD a rana ya ga launuka suna walƙiya a bayansa, to ya riga ya ga aikin wannan faranti.

Tsara na'urar kuwa ciniki ne, ba a samun komai a kyauta. Iskar da ke saman ƙasa tana sa hoton tauraro rawa, shi ya sa idan aka matse tsagar layukan za su fito sarai amma haske mai yawa zai zube a waje, idan kuma aka buɗe ta hasken zai wadata amma layukan su dushe su haɗe da juna. Dole masu zane su fara yanke shawarar tambayar da suke son amsawa kafin su taɓa gilashi ko ƙarfe.

A ganina babu misalin da ya kai sifektirogiraf mai suna HARPS, wadda ta fara aiki a 2003 a kan madubi mai faɗin mita 3.6 a La Silla, ƙasar Chile. An gina ta ne don ta gano taurarin da duniyoyin da ke kewaya su ke jijjigawa, ko da motsin bai wuce mita ɗaya a daƙiƙa ba, wato saurin tafiyar mutum a ƙafa. Wannan motsi yana sa layukan hasken tauraron su ɗan gusa, kuma ɗan canjin zafi ko matsin iska ya isa ya shafe wannan alama, saboda haka ba a rataye ta a jikin madubin ba: an kulle ta cikin tankin da aka zuƙe wa iska a wani ɗaki daban, ana kai mata haske ta zaren gilashi, ana kuma tsare zafinta kada ya gusa fiye da digiri 0.01.

Duk da haka duniyarmu tana jijjiga rana da kimanin santimita 9 kacal a daƙiƙa, abin da ya fi ƙarfin HARPS. Shi ya sa aka ƙera wata mai suna ESPRESSO, wadda ta fara ganin haske a Paranal, ƙasar Chile, a 2017, da burin auna motsin santimita 10 a daƙiƙa.