Zabura ta 136

Zabura ta 136 waƙa ce ta godiya da yabo da ke cikin kashi na biyar, wato na ƙarshe, na littafin Zabura a Tsohon Alkawari. Tana da ayoyi 26, kuma kowace aya tana ƙarewa da amshi guda wanda ba ya canzawa: gama ƙaunarsa madawwamiya ce. Babu wata zabura cikin 150 da aka tsara ta haka tun daga farkonta har ƙarshenta. A tsohuwar fassarar Helenanci da ta Latin lambarta 135 ce, domin lissafin waɗannan fassarori ya ɗan saɓa da na Ibrananci, shi ya sa har yau littattafan sujada na majami'un Otodoks suke kiranta da wannan lamba.

Tsarinta

Ayoyi uku na farko kira ne ga jama'a su gode wa Ubangiji domin alherinsa, shi ne Allahn alloli, Ubangijin iyayengiji, laƙuban da aka riga aka ambata a Maimaitawar Shari'a 10:17. Daga aya ta 4 zuwa ta 9 waƙar ta juya ga halitta: shi kaɗai ne mai aikata manyan al'ajibai, da hikima ya yi sammai, ya shimfiɗa ƙasa a kan ruwaye, ya yi manyan haskoki, rana ta mallaki yini, wata da taurari su mallaki dare. Mai karatun da ya san babi na farko na littafin Farawa zai gane cewa daga can aka ɗebo kalmomin. Sai kuma tarihi ya biyo baya, daga aya ta 10 zuwa ta 22: bugun 'ya'yan fari na Masar, fitar da Isra'ila da hannu mai ƙarfi, tsaga Bahar Maliya gida biyu, hallakar Fir'auna da rundunarsa, tafiyar jeji, da cin nasara a kan Sihon sarkin Amoriyawa da Og sarkin Bashan, waɗanda labarinsu yake a littafin Ƙidaya babi na 21.

Abin lura shi ne mawaƙin bai sa wani shinge tsakanin halitta da tarihi ba. Aya ta 9 tana maganar wata da taurari, aya ta 10 ta faɗa cikin daren Masar kai tsaye, amshin kuma bai sauya ko da harafi ɗaya ba. Wannan shi ne ainihin koyarwar waƙar: wanda ya rataye rana a sama shi ne mai cika alkawarin da ya yi wa bayi, kuma fitowar rana kowace safiya shaida ce ta amincinsa daidai da tsagewar teku. A aya ta 23 harshen ya koma na "mu", inda aka ce ya tuna da mu cikin ƙasƙancinmu, sa'an nan aya ta 25 ta buɗe ƙofa ga kowa da cewa yana ba dukan masu rai abinci. Waƙar da ta faro da sammai ta sauko har bakin akushi.

Kalmar da ke cikin amshi

Kalmar Ibrananci da aka fassara da ƙauna ita ce hesed, kuma masu fassara sun daɗe suna fama da ita, domin babu kalma guda da take ɗauke nauyinta duka. Ta ƙunshi jinƙai da alheri da riƙon amana a lokaci guda, irin halin wanda ya ɗaura alkawari da wani ya kuma tsaya a kansa ko da ɗaya ɓangaren ya gaza. Fassarar Helenanci da ta Latin sun zaɓi jinƙai, wasu fassarori na baya suka zaɓi ƙauna mai ɗorewa. Mai jin Hausa zai fi kusantar ma'anar idan ya haɗa ƙauna da amana a zuciyarsa yayin da yake amsawa.

Zamaninta da amfaninta a Isra'ila

Waƙar ba ta ɗauke da sunan marubuci. Masana da yawa suna ganin an tsara ta bayan dawowa daga bautar talala a Babila, kuma ɗaya daga cikin hujjojinsu shi ne laƙabin "Allah na Sama" da ke aya ta 26, wanda ya yawaita a littattafan Ezra da Nehemiya da Daniyel. Amshin kuwa ya zagaya wurare da dama na Littafi Mai Tsarki. Littattafan Tarihi sun ce an rera shi sa'ad da Dawuda ya kawo akwatin alkawari Urushalima, da ranar keɓe Haikalin Sulemanu, da lokacin da sarki Yehoshafat ya sa mawaƙa a gaban mayaƙansa. Irmiya 33:11 ya yi annabcin cewa za a sāke jinsa a titunan da suka zama kufai. Ezra babi na 3 ya ba da labarin cikar wannan: ranar da aka aza harsashin Haikali na biyu, firistoci da Lawiyawa suka rera amshin suna karɓa wa juna, jama'a suka yi sowa, amma tsofaffin da suka ga Haikali na farko suka fashe da kuka, har ba a iya bambanta muryar murna da ta kuka ba. Wannan hoton yana nuna cewa tun asali ba waƙar masu kwanciyar hankali kaɗai ba ce.

Yahudawa suna kiranta Babban Hallel, wato babban yabo, suna karanta ta a safiyar Asabar da ranakun idi da kuma daren cin Idin Ƙetarewa, wato idin tunawa da fitowa daga Masar. Malaman Talmud, wato kundin koyarwar malaman Yahudawa, sun danganta amshin nan 26 da zuriya 26 daga halitta zuwa saukar Attaura, waɗanda Allah ya ciyar da alherinsa tun ba su da shari'a a hannu.

A cikin Ikkilisiya

Matiyu 26:30 da Markus 14:26 sun ce Yesu da almajiransa sun yi waƙa bayan jibin ƙarshe kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun, kuma masu sharhi suna ɗauka cewa daga zaburorin yabo na Idin Ƙetarewa ce. Kirista ma sun gāji waƙar, suka karanta fitowa daga Masar a matsayin hoton ceto ta wurin mutuwar Almasihu da tashinsa. Ayoyin da suke maganar kashe sarakuna sukan yi wa mai karatu na yau nauyi, da gaskiya kuwa, shi ya sa tun zamanin dā malaman Ikkilisiya suka fassara Sihon da Og a matsayin zunubi da ikokin mugunta da ke tare hanyar mai bi.

Wani abin da ya faru a Iskandariya ta Masar a watan Fabrairu na shekarar 356 ya nuna yadda amshin ya zauna a bakin talakawa. Ana cikin addu'ar dare a majami'ar Teyonas sai sojoji wajen dubu biyar, ƙarƙashin wani kwamanda mai suna Siriyanus, suka kewaye ginin domin kama Bishop Atanasiyus, wanda yake jayayya da sarkin Rum Konstantiyus a kan koyarwar Ariyus, limamin da ya koyar cewa Almasihu ba daidai yake da Allah Uba ba. Atanasiyus da kansa ya rubuta cewa ya zauna a kujerarsa, ya umarci dikin, wato mataimakin limami, ya karanta zabura, jama'a kuwa su riƙa amsawa da cewa jinƙansa madawwami ne, suna fita zuwa gidajensu. Jama'a sun riga sun san amshin. Daga baya wasu masu zuhudu da limamai suka janye shi ta cikin rububin, ya ɓuya kusan shekara shida.

A majami'un Otodoks ana haɗa ta da zaburar da ke gabanta a sujadar asuba ta manyan bukukuwa, ana kiransu Poliyeleyos, wato jinƙai mai yawa, kuma akan kunna fitilun majami'a yayin rera su. A jadawalin Zabura na Angilikan ana karanta ta da yammacin ranar 28 ga kowane wata, a addu'o'in sa'o'i na Katolika kuwa tana zuwa da yammacin Litinin na mako na huɗu a zagayensu na mako huɗu.

Tsakanin Kirista masu jin Hausa

Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, waƙar ta samu kunnen da ya riga ya saba da salonta, domin waƙar baka ta Hausa ma a kan jagora da 'yan amshi take tafiya. A majami'u irin su ECWA da COCIN, mai jagorar sujada yakan karanta rabin farko na aya, taro ya amsa da rabi na biyu, kamar yadda ƙungiyoyin Zumuntar Mata suke karɓa wa mai ba da waƙa suna buga tulu. Aya ta 25 takan dace ƙwarai da ranar godiyar girbi bayan kaka, lokacin da masu bi suke shigowa da damman dawa da buhunan masara da doya da kaji, suna ajiye su a gaban majami'a.